Sistem da Tsari

Akwai wata kalma ta Turanci wadda da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu ji ta a makarantan nan ba, watau sistem. Malamin kiwon lafiya ya faɗe ta, na lissafi ya faɗe ta, na tarihi ma haka, amma kowa da abin da ya ke nufi. Masana sun ce asalinta daga harshen Yunanawa ne, ma'anarta kuwa abubuwan da aka tsai da su tare har suka zama abu guda. Masu fassara sun saba juya ta da kalmar tsari duk inda suka gamu da ita. A ganinmu wannan sauƙi yana da haɗari, tun ba ga mu da za a tura garuruwa mu koyar da yara ba. Bari mu kwance kayan mu gani.

Na fari, akwai sistem na halitta. Zuciya da jijiyoyi da jini suna aiki tare, kamar yadda wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana a 1628. Rana kuma da duniyoyi takwas da ke kewaya ta, su ma sistem a ke kiransu. Wannan ba hannun ɗan Adam a ciki, iyakarmu mu gane shi.

Na biyu, akwai na ƙidaya da awo. A da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Ran 1 ga Janairu 1973 aka ajiye wannan, aka ce kwabo 100 ke yin naira. Mutane suka ƙulla na farko, mutane suka kwance shi.

Na uku, akwai na mulki da na makaranta. Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ta ga zamanin En'e, lokacin da haraji ke tashi daga hannun mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har baitulmalin Zazzau. A 1976 aka kawo gyaran ƙananan hukumomi, yau kowacce cikin ukun nan ƙaramar hukuma ce. Karatu ma haka: manufar ilmi ta 1977 ta kawo shekara 6 da 3 da 3 da 4, sa'an nan dokar 2004 ta haɗa taran farko ta ce su ne ilmin tushe.

Na huɗu, akwai na na'ura, har mutanenmu su kan kira kwamfuta kanta sistem. Na biyar kuwa shi ne hanyar yin aiki, irin ta manomi da masaƙi da maƙeri.

To, in duk biyar ɗin nan aka zuba su cikin kalma ɗaya ba bayani, ɓarna biyu ke biyowa.

Ta farko, yaro ya kan ɗauki abin da mutane suka shirya kamar abin da aka halitta. Ya ji an ce tsarin jini, ya ji an ce tsarin jarrabawa, sai ya zaci duka biyu ba mai iya taɓa su. In ya girma aka hana shi haƙƙinsa a wani ofis, aka ce masa haka tsari ya ke, sai ya sunkuyar da kai ya koma gida. Alhali kuwa kowane tsari na ofis yana da wanda ya rubuta shi, da ranar da aka fara shi, da wanda ke da ikon gyara shi. Wanda ya san an taɓa canja fam zuwa naira ba zai yarda a ce masa doka dutse ce ba.

Ta biyu ta fi ciwo. Yaro ya kan zaci tsari shi ne abin da ya zo a takarda kaɗai, abin da ubansa ke yi a gona kuwa kame-kame ne. A je Malikanci ko wani gari na wannan yanki da damina, a ga gero da dawa da wake a gona ɗaya. Baƙon ido zai ce hargitsi ne. Amma a 1966 zuwa 1967 wani masanin tattalin noma, David Norman, na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya bi gonakin ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana auna abin da aka shuka da abin da aka girbe. Ya tarar mafi yawan gonakin gauraye su ke, ya kuma tarar a kan kadada ɗaya gauraye ya kan fi shuka iri guda kawo amfani. Dalili a fili ya ke. Gero ya kan nuna da wuri ya fid da gida daga yunwa, ya bar wa dawa fili ta yi ƙarfi. Wake ya rufe ƙasa ya ƙara mata albarka, harawarsa kuma ta ciyar da dabbobi da rani, dabbobin su ba da taki ya koma gona. In ruwa ya ɗauke ya kashe ɗaya, ɗaya ya kan tsira. In wannan ba sistem ba ne, to, mene ne?

Watakila wani ya ce muna tsawaita magana, ai Turawa ma da kalma ɗaya su ke kiran duka, ba su ruɗe ba. Gaskiya ne. Amma ɗan Bature ya tashi yana jin ana kiran aikin ubansa da ita, namu kuwa a aji ya fara gamuwa da ita, tare da littafi da bulala. Ga shi kuma Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da shiri, da ƙa'ida, da hanya, da dabara, da ma'auni, da nizami da muka aro daga Larabci. Ita kanta tsari, in ba a lura da sauti ba, sai ta rikiɗe ta zama neman kariya, ko dabban nan ɗan'uwan guza.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, duk sa'ad da kalman nan ta fito cikin darasi, kada mu wuce sai mun sa yara sun amsa tambaya uku. Waɗanne abubuwa ne aka haɗa? Me ya ɗaure su, har in an taɓa ɗaya sauran su motsa? Wa ya haɗa su, mutum ne ko halitta ce? Misali kuma mu fara da na gida kafin na nesa: rake daga fadama zuwa injin matsewa, zuwa kaskon dahuwa, zuwa mazarƙwaila a kasuwar Makarfi. Yaron da ya gane cewa in itacen dahuwa ya yi tsada kuɗin mazarƙwaila zai tashi, ya riga ya gane ma'anar kalmar, ko bai iya rubuta ta ba.

Tsintsiya ba yawan tsinke ke sa ta shara ba, maɗauri ne. Aikin malami ya nuna wa yaro maɗaurin, ya kuma gaya masa ko irin wanda hannu ke iya kwancewa ne. Allah ya ba mu ikon yi.