WUƘA A ƘUGU: JAN HANKALI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KURMI

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, ko zangon shanu na Lokpanta a Jihar Abiya, ya san wani ciniki da ba ya yankewa rani da damina, watau cinikin wuƙa. Sai a ga saurayi sabon zuwa, ƙurar hanya ba ta gama fita daga rigarsa ba, ya durƙusa gaban mai shimfiɗar wuƙaƙe yana ɗagawa yana ajiyewa, yana gwada kaifi a farcen babban yatsa. In aka tambaye shi abin da zai yi da ita, amsarsa ba ta wuce ɗayan biyu: ko ya ce ta sana'a ce, ko kuwa ya ce ta tsaron kai ce, gama garin mutane ya zo. Na farkon yana da gaskiya, ya kuma cancanci a taya shi zaɓe. Na biyun shi ne abin jan hankali, domin abin da ya ke shirin saye da guminsa ya fi kusa da kai shi gidan kaso bisa ga ya mai da shi gida lafiya.

Babu mai musun cewa a ƙauyukan Arewa wuƙa abokiyar tafiya ce. Manomi na da ita, makiyayi na da ita, fatake sun ratsa daji da ita tun zamanin ayarin goro, Buzu kuwa a damtse ya ke ɗaura tasa, ba wanda zai dube shi sau biyu. Amma idon da ke kallon wuƙa a Bici ko Illela dabam ya ke da wanda ke kallonta a Oshodi ko Anacha. A can kayan aiki ce. A nan, da zarar riga ta ɗaga an hango kube a ƙugun baƙo mai magana da wani harshe, kowa ya riga ya yanke masa hukunci a zuciyarsa, tun bai buɗe baki ba.

Bari a fara da masu sana'a, tun da su ne masu haƙƙi. Mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege, da mai tsire a bakin titi, da mai rake, da mai lemo, da baduku, duk abincinsu a bakin wuƙa ya ke. Ga irin waɗannan, wuƙa miƙaƙƙiya mai kube ta fi mai naɗewa nesa ba kusa ba. Ba ta da mahaɗi da zai saki, ba ta da lungun da jini da kitse za su maƙale su yi wari, wankinta ba wuya, kuma ba za ta naɗe ta datse wa mai ita yatsu yana tsakiyar aiki ba. Ga kuma araha.

Sai dai fa araha ba ta ado. Abin da mai saye zai fara dubawa shi ne ƙota, ba ƙyallin ƙarfe ba. Wuƙar kirki ita ce wadda ƙarfenta ya zarce cikin ƙota har ƙarshe, aka ɗaure shi da ƙusa biyu ko uku. Wadda aka soka wa 'yar siririyar wutsiya cikin itace ko roba kuwa, ranar da ta gamu da ƙashi a nan za ta rabu biyu, a bar mutum da ƙota a hannu. A riƙe ta a girgiza. In an ji motsi ko kaɗan, a ajiye ta. Ya kamata kuma a sami ɗan tudu tsakanin ƙota da kaifi, domin hannun mahauci kullum cikin maiƙo ya ke, santsi ɗaya ya isa ya tsinke jijiyar yatsa.

Game da ƙarfen kansa, iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe, irin wanda maƙera ke ƙerawa daga tsohon sifirin ɗin mota. In maƙeri ya iya ban ruwa, watau ya gasa ƙarfen ya tsoma shi daidai gwargwado, to, wuƙarsa tana ɗaukar kaifi da wuri, tana kuma riƙe shi. In ruwan ya yi yawa sai ta yi ta ɓantarewa kamar tangaran, in ya yi kaɗan sai bakinta ya lanƙwashe ta dakushe tun kafin azahar. Tsofaffin mahauta sukan goga magagari a bakinta su gani: in ya ci ta kamar sabulu, ta yi taushi, in ya zame bai kama kome ba, ta yi gautsi. Illar baƙin ƙarfe ɗaya ce, tsatsa, ita kuwa a ƙasar Kurmi gidanta ta zo, saboda laima da yawan ruwan sama. Lalle ne a wanke wuƙa a goge ta ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa kafin a mai da ita kube, gama fatar kube tana shan laima tana riƙewa.

Ɗaya irin shi ne farin ƙarfe na kanti wanda ba ya tsatsa, saboda sinadarin kuromiyam da a ke haɗa shi da shi, kimanin kashi goma cikin ɗari ko fiye. Wuƙaƙen Tramontina na ƙasar Barazil da na Kiwi na ƙasar Tailan suna cikin masu sauƙin kuɗi na irin wannan, sun kuma dace da mai lemo da mai rake, waɗanda ruwan kayansu ke cin baƙin ƙarfe. A yi hattara da jabu, domin suna a jikin wuƙa ba wuyar bugawa gare shi ba. Tsawo kuwa, in ba barhon fawa a ke nema ba, kaifi mai inci huɗu zuwa biyar ya ishi kusan kowane aiki. A zaɓi mai baki ɗaya. Wuƙa mai baki biyu da dogon tsini ba ta fere rake, ba ta yanka tsire, kowa ya san abin da aka ƙera ta dominsa, alƙali ma ya sani.

Wanda sana'arsa ba ta yanka ba ce, kamar mai shayi ko ɗan dako ko mai canji, 'yar ƙaramar mai naɗewa ta yanke igiya ta ishe shi, in ma yana bukata.

To, sai batun tsaron kai. Mai wannan niyya yakan zana wa kansa hoto a zuci: ɓarawo ɗaya ya tare shi a lungu, ya zare wuƙa, ɓarawo ya ruga. Abin da ke faruwa a titi ba haka ya ke ba. 'Yan fashin birane a ƙungiya su ke zuwa, sau da yawa da bindiga, mai wuƙa kuwa sai abokin faɗa ya zo tsawon hannu kafin ta yi masa amfani. Sara ko suka ba su cika tsai da mutum nan take ba, saboda haka faɗan wuƙa yakan ƙare ne da mutum biyu kwance cikin jini. Tana kuma iya suɓucewa ta koma hannun wancan. Masu dogara da maganin ƙarfe su tuna cewa likitocin ɗakin haɗari sun ɗinke 'yan tauri ba adadi. Abin da ya fi faruwa ma, wuƙar da aka saya saboda ɗan fashi ba ta taɓa ganin ɗan fashi. A kan kwandasta ta ke fita saboda canji, ko a kan maƙwabci saboda layin famfo. Gardamar da za ta ƙare da zagi ko mari, in akwai ƙarfe a ƙugu da zafin zuciya, sai ta ƙare da gawa.

Daga nan sai shari'a ta karɓi maganar. Jihohin Kudu suna aiki da dokar laifuffuka da a ke kira Criminal Code, wadda ta bambanta da Penal Code ta Arewa, Jihar Ikko kuma ta yi tata a 2011. Sashe na 80 na Criminal Code ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya fita bainar jama'a da makami ba bisa dalili na halal ba, ta yadda zai firgita wani. Sashe na 286 ya yarda mutum ya kare kansa, amma da ƙarfin da ya yi daidai da bukata; ba a yarda ya yi abin da zai iya kisa ba sai in harin da aka kawo masa ya isa ya sa mai hankali tsoron mutuwa ko mummunan rauni. Kisan kai kuwa, a sashe na 319, hukuncinsa kisa ne. Bugu da ƙari, dokar fashi da makami ta 1984 ta lissafa adda da mashi da kwari da baka da wuƙar suka cikin makamai, ta kuma yanke kisa ga wanda ya yi fashi da su. Ma'ana, in tsautsayi ya sa aka yi wa baƙo ƙazafin ƙwacen waya, aka laluba aka sami wuƙa a jikinsa, ƙaramar tuhuma ta zama babba, beli ya yi nisa.

Mai ganin kamar faɗar "kaina na kare" ta isa, ya dubi shari'ar Sunday Jackson, wani manomi na Jihar Adamawa. Bisa ga bayaninsa, wani makiyayi ne ya kai masa hari da wuƙa a gona, ya ƙwace ta ya soke shi da ita. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Mutane da yawa sun soki hukuncin, daga baya Gwamnan jihar ya yi masa afuwa a ƙarshen shekarar, amma bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Wannan mutum a jiharsa ya ke, cikin danginsa, wuƙar ma ba shi ya zo da ita ba. Ina ga ɗan ci-rani a Fatakwal, wanda ba ya jin Turancin kotu, ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa, kuma a ƙugunsa aka ciro kube?

Akwai kuma abin da doka ba ta rubuta ba, amma kowane mazaunin zango ya san shi. Laifin baƙo ɗaya a kan dukan baƙi a ke rama shi. Rikicin Mile 12 na watan Maris na 2016, wanda ya kai ga rufe kasuwar, daga rigimar ɗan acaba ya taso. Na kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairu na 2021 ya faro ne daga 'yar gardama tsakanin ɗan dako da mai shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani ya rasa ransa, kafin a ankara an ƙone rumfuna da gidaje, mutanen da suka yi shekara da shekaru a wurin suka kwashe iyali suka bar gari. Dattawan Shagamu ba su manta da 1999 ba, na Idi Araba ba su manta da 2002 ba. Saurayin da ya zare wuƙa a tashar mota yana caca ne da rumfar tsohuwa mai tuwo da jarin mai goro, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ba a ce tsoron da ke tura samari wurin mai wuƙa ba shi da tushe ba. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ya isa shaida: mafarauta goma sha shida da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano hutun Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, taron jama'a ya hallaka su ba tare da bincike ko shari'a ba. Laifin wannan ta'asa a wuyan waɗanda suka aikata ta ya ke, babu wani uzuri. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama ko'ina cikin ƙasar, kuma wajibi ne gwamnatocin jihohin Kudu su hukunta masu ɗaukar doka a hannunsu, su ja wa ƙungiyoyin sintiri linzami, har da rundunar Amotekun da aka kafa a jihohin Yarbawa a 2020, don kada laluben matafiya ya zama farautar ƙabila. Amma mai hankali zai lura da wani abu mai ɗaci a cikin labarin: mutanen nan mafarauta ne, sun san makami, makamin kuwa bai cece su ba, shi ma aka riƙe hujja a kansu.

Abin da ya daɗe yana tsare ɗan Arewa a Kurmi tun kafuwar Sabo ta Badun a 1916 shi ne a san shi. Fatake sun zauna lafiya ne saboda kowane baƙo yana da maigida da zai ce nasa ne, kowane zango kuma yana da sarki da hukuma ke saurara wa. Wannan tsari ya yi rauni yanzu da samari ke sauka daga tirela da tsakar dare, ba mai masauki, ba wanda ya san sunansu. Ya kamata Sarakunan Hausawa da Sarakunan Fawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su farfaɗo da shi: a rubuta sunan sabon zuwa, a tabbatar yana da katin ɗan ƙasa, a ba mahauta da masu tsire katin ƙungiya mai hoto wanda zai bayyana dalilin wuƙarsu in an tare su, a kuma ajiye lauya guda da kuɗin taro, wanda za a kira tun mutum yana caji ofis. Mai gadi ya nemi maigidansa ya kai sunansa wurin 'yan sandan unguwa, ya kuma roƙi tocila mai ƙarfi da usur da waya mai kuɗi a ciki, gama ihu da haske sun fi korar ɓarawo.

Mai wuƙar sana'a kuma ya san inda zai ajiye ta. Wurinta kan tebur lokacin aiki, bayan an tashi kuma cikin kube, cikin jaka, tare da magagari da tsinken tsire da sauran kayan da za su ba da shaidar sana'arsa. Kada ta bi shi gidan kallon ƙwallo ko wurin taron siyasa ko wurin biki. In tafiyar Sallah ta zo, a naɗe ta a tsumma a tura ta ƙasan kaya a but, a gaya wa direba tun a tasha, katin ƙungiya kuma ya zauna a aljihun gaba inda hannu zai kai gare shi ba tare da an ɗaga riga ba.