Ra'ayinmu: A Ajiye Bindigar Kara, A Ɗauko Dokin Laka

Ra'ayin ƙungiyar 'yan jarida na wannan mako ya shafi wasan ƙannenmu ne, kuma muna roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

Kowa a Yasore ya san wasan da yara suka fi yi yanzu. A samo kara ko guntun katako, a ɗaura masa roba, a rataya a kafaɗa, sannan a rabu gida biyu: waɗannan sojoji, waɗancan mutanen daji. Wani lokaci har a kama ƙaramin cikinsu a ce sai an kawo kuɗin fansa. Ba mu ga laifinsu ba. Abin da yaro ya gani shi yake kwaikwayo, kuma Batsari da Safana sun ga abin da ya ishe su a shekarun nan. Manya sun yi tsawa, sun kakkarya bindigogin, washegari an haɗa wasu. Kara dai ba ya ƙarewa a ƙasar gero da dawa.

Tunda tsawa ba ta raba yaro da wasan yaƙi ba, mu a ganinmu gara a canza masa yaƙin. Muna kira da a kafa ƙungiya a makarantar nan wadda za ta riƙa gina ƙananan mayaƙan dauri da yumɓu, ta shafa masu launi, ta tara su, ta jera su a fili a buga yaƙe-yaƙen tarihi bisa doka, kamar yadda ake buga dara.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A wani kabari da ke Asyut a ƙasar Masar an tono sojojin katako masu shekara kusan 4,000, masu mashi 40 da maharba 'yan Nubiya 40, kowane da fentinsa, aka kai su gidan tarihi na Alƙahira. A 1824 rundunar Purushiya, a Jamus ta yau, ta karɓi wani wasan taswira da wani hafsa mai suna Reisswitz ya tsara, ta riƙa horar da hafsoshinta da shi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga littafin dokokin wasa da sojojin dalma, yana ganin duk wanda ya ga ruɗanin da ke cikin yaƙin wasa zai tsorata da na gaske. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Har gobe a Turai da Amurka akwai manya masu gemu da ke sayen irin waɗannan sojoji da tsada, su kwana suna yi masu fenti.

Mu ba sai mun saya ba. Iyayenmu sun yi dokin kara, sun gina shanu da raƙuma da laka a bakin rafi. Yumɓu na nan a fadama. Jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi da shuni sun isa launi, a dama su da ƙaro don su kama. Tsinken tsintsiya ya zama mashi, murfin kwalba ya zama garkuwa, ƙyallen da tela ya zubar ya zama lifidi.

A wajen ginin ne karatun yake farawa. Wanda zai gina ɗan lifidi dole ya tambaya ya ji cewa lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta maƙale. Dole ya bambance shi da sulke, wanda zobban ƙarfe ne aka sarƙa. Zai san kwalkwali, da kwari da baka, da kansakali, da barandami. Zai ji cewa a sarautar Katsina Ƙaura ne jagoran mayaƙa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Katsina ya ga waɗannan kaya suna wucewa, amma ɗalibai nawa ne a cikinmu za su iya faɗin amfanin kowane?

Tarihin da za a buga ma ba sai an je nesa ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da 'yan lifidi masu yawa, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi, galibinsu maharba ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan, amma su suka yi nasara. A jera wannan a kan yashi, a bar 'yan aji biyu su gano da kansu yadda mai baka zai tsaya wa mai doki. Ga faɗuwar Birnin Katsina a 1807, wadda ta kai ga sarautar Malam Ummarun Dallaje da kafuwar Maraɗi daga baya. Ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, ga Gawakuke a 1836. Ƙasarmu ta Ruma kanta ta daɗe tana bakin daga tsakanin Katsina da Maraɗi, shi ya sa har yau tsofaffi ke ambaton jarumai irin su Ɗanwaire. Ɗalibin da ya san haka zai gane cewa wannan yanki ya taɓa shiga tashin hankali mai tsawo, kuma ya fita.

Dokar wasan mu za mu tsara ta, malamin tarihi ya zama alƙali. Misali, mai doki ya yi tafiyar ɗani uku, dakare ɗani ɗaya. Ɗan lifidi sai kibiya biyu ta kayar da shi, amma ba ya shiga fadama ko duhuwa. Rundunar da ta yi zagaye biyar ba ta kai ga ruwa ba ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu. Kun ga awo ya shigo, lissafi ya shigo, sanin taswira ya shigo.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu abar saurare ce.

Na farko za su ce: garin da ya sha kuka, ina shi ina wasan yaƙi? Amsarmu ita ce wasannin biyu ba ɗaya ba ne. Mai rataye da bindigar kara shi ne ɗan bindigar, daɗinsa ya ga abokinsa ya faɗi. Mai jera dawakin laka kuwa yana kallon filin duka daga sama, kuma idan aka tashi shi zai ƙirga waɗanda suka faɗi. Dokin da ka yi kwana uku kana ginawa ba ka jefa shi cikin kibau da ganganci. Don haka muke so a sa a doka cewa gwani shi ne wanda ya tsare garinsa da mafi ƙarancin asara, kuma sulhun da ya ceci rayuka yana da maki.

Na biyu za su kawo maganar surori a addini. Wannan mun bar wa malaman addininmu, su ne masana. Abin da za mu tuna kawai shi ne ruwayar da ke cikin Abu Dawuda cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa, har da doki mai fukafukai. Kuma ana iya yin ginin ba fuska, tunda rawani da kwalkwali sun rufe ta. Caca kuwa babu ita: ba kuɗi, ba jingina.

Na uku, kuma shi ya fi damun mu: kada wasan ya zama hanyar gori tsakanin Bahaushe da Bafulatani a aji ɗaya. Maganin wannan shi ne kowace ƙungiya ta buga ɓangarorin biyu, yau kai ne Gobir, gobe kai ne jama'ar Shehu. Malami ya bayyana cewa a rundunonin nan an gauraya, ba ƙabila guda ba ce a kowane gefe. Sannan a haramta duk abin da ya shafi rikicin yau: ba babur, ba bindigar zamani, ba sunan wani ƙauye da aka kai wa hari.

Buƙatunmu uku ne, kuma babu mai cin kuɗi. Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu kusurwa guda a ɗakin karatu inda za a ajiye abin da aka gina, kowane da takardar bayaninsa. Muna roƙon awa ɗaya a mako, ranar ƙungiyoyi. Muna kuma roƙon a gayyato wani dattijo daga gari sau ɗaya a zango ya ba mu labarin Ruma, mu rubuta tun masu sanin suna raye. 'Yan'uwanmu mata, da ku za a yi: ɗinkin lifidi, haɗa launi da jan runduna duk ba a ware wa kowa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mai sha'awa ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan wannan allo kafin Alhamis, ya kuma taho da ƙanensa da dunƙulen yumɓu. Wanda bai yarda da mu ba ya kawo martaninsa a rubuce, za mu liƙa shi a nan mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Yasore.