Karen garke ma'aikaci ne, a ba shi abincin da ya dace

Ƴan uwa makiyaya na Filinge da ƙasar Kurfai, muna kula da abin da saniya ke ci, muna sayen dusa da ƙwayar auduga idan rani ya tsananta, muna kai bisashe rigakafi duk shekara. Amma karen da ke kwana bakin garke yana korar dila da ɓarawo, shi an bar shi ya ci da kansa. Ra'ayina shi ne wannan sakaci yana ja mana asarar tumaki, wani lokaci har da lafiyar ƴaƴanmu, alhali maganinsa na cikin tukunyar da muke girki da ita.

Kare mai yunwa mushe yake nema, da hanji da huhun da mahauta suka jefar, da ɗan ɓari da mabiyiyar bisa. A nan matsala take farawa. Duk wanda ya taɓa feɗe tunkiya ya ga wasu ƙululai masu ruwa a hanta ko a huhu. Ƙwayoyin tsila ne a ciki. Idan kare ya ci su ɗanye, cikin mako 6 zuwa 8 tsilar ta girma a hanjinsa, ta soma zuba ƙwai cikin kashinsa. Ƙwan nan ido ba ya ganinsa. Yana zuba kan ciyawa da bakin rijiya, tunkiya ta haɗiye, ƙululun su sake fitowa. Yaron da ya shafa kare ya sa hannu a hura bai wanke ba, shi ma yana iya kamuwa, ƙululun su yi shekaru suna girma a hantarsa, daga ƙarshe sai an kai ga aiki a asibiti.

Haka ma tunkiyar da ke karkata kai tana zagaye wuri ɗaya. Sau da yawa jakar ruwa ce a ƙwaƙwalwarta, ta wata tsilar da ita ma daga kare take zuwa. Idan aka yanka ta aka jefa wa kare kan, an shuka ciwon cikin garken baɗi.

To me za a ba shi? Sauran tuwon hatsi ko na dawa, da ƙanzo da aka jiƙa, da shinkafa, duk suna da kyau, muddin an ɗebar masa kafin a zuba miya. Wake ma yana gina jiki idan ya dahu sosai. Kabewa da dankali dafaffu suna gyara masa ciki. Nono mai tsami ya fi madara ɗanya sauƙi a cikin babban kare, don madara mai yawa takan sa shi zawo. Matan da ke yin cuku wajajen Tukunus suna da ruwan da ke tsiyayewa bayan cukun ya kama. A kwaɓa shi da tuwo, ya wadatar. Ƙwai dafaffe ɗaya lokaci-lokaci na taimaka wa karya mai shayarwa. Kayan ciki kuwa, a yanyanka su, a tafasa minti 30, sannan a ba shi. Waɗanda suka cika da ƙululai a ƙone su ko a binne da zurfi. Kada a manta da ruwa mai tsabta a kwanonsa na kansa, musamman watan Afrilu da Mayu.

Akwai kuma abincinmu da ke zame masa guba. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa ƙwayoyin jininsa, sai a ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Shi ya sa miyarmu ba tasa ba ce, balle ga yaji da gishiri da dunƙulen magi. Goro, da ganyen shayin da muke zubarwa bayan zuwa na uku, da kofi, da cakulan, suna sa zuciyarsa bugu da sauri, ya yi ta karkarwa, yana iya mutuwa. Inabi da busasshensa suna kashe ƙoda. Ƙashin kaza ko na zabo da ya dahu yana tsagewa ya soke maƙogwaro ko hanji. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana lalata hanta. Abin da ya ɓaci har muka ƙi ci, shi ma bai dace da shi ba.

Na san abin da wasu za su ce: lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, yara ma da ƙyar ake cika musu ciki, ina maganar kare? Maganar gaskiya ce. Sai dai a yi lissafi. Ƙanzo da ruwan cuku ba a saye su ake yi ba. Ɗan rago ɗaya da dila ya ɗauke don kare ya tafi yawon neman mushe, kuɗinsa ranar Lahadi a kasuwar Filinge ya fi tiyoyin hatsin da karen zai ci cikin watanni. Wasu kuma suna ganin kare ba abin kusanta ba ne. Malamanmu sun sani addini ya halatta riƙon kare don tsaron bisashe, kuma duk dabbar da mutum ya riƙe, haƙƙin ciyar da ita na wuyansa.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don karen maƙwabci ma yana bi ta makiyayarka. Ƙungiyoyinmu su gina rami mai murfi a kowace mahauta, daga Filinge zuwa Bankuku da Abala, a hana karnuka shiga wurin yanka. Ranar layya, kowane gida ya binne abin da ba zai ci ba. A haɗa kuɗi a sayi maganin tsila mai suna praziquantel ta hannun ma'aikatan kiwo, a ba karnukan gari gaba ɗaya sau 4 a shekara, a ɗaure su kwana 2 a binne kashinsu. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, lokaci ne mai kyau na tuna allurarsu. A sa wannan magana cikin taron ƙungiya na gaba, kafin Salla ta zo.