Wasiƙa Zuwa ga Maƙeran Suleja: Ku Buga Sunanku a Jikin Wuƙa



Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, iyayena da yayyena da ke zaune gaban uwar maƙera, da ƙannena da ke kan zuga-zugi, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafin wuta. Ni mai sayen aikinku ne, kuma a matsayin mai saye na kawo muku wannan magana, a kan 'yar wuƙar nan ta aljihu mai naɗewa, wadda ake fere rake da ita, a yanka igiya, a fiƙe alƙalamin kara.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawa da ke tara irin wannan wuƙa, kuma sabuwa fil suke nema, wadda ta fito daga maƙera a bana amma an ƙera ta a kan fasalin kakanni. A garin Titusville na jihar Pennsylvania akwai kamfanin Great Eastern Cutlery da aka kafa a 2006. Ba ya ƙera wuƙa da yawa a lokaci ɗaya. Yakan ɗauko fasali guda na da, ya yi masa ƙota ta ƙashi ko ta icce ko ta ƙahon barewa, ya fitar da 'yan kaɗan, ya koma wani fasalin. Masu tarawa kan yi rububin su, sau da yawa su ƙare ranar da suka fito, daga baya wanda ya makara ya saya a hannun wani da tsada. Ƙarfen da suke amfani da shi galibi baƙin ƙarfe ne mai yin tsatsa idan aka bar shi da laima, ɗan'uwan wanda kuke bugawa kullum.

Ku dubi gindin ruwan kowace wuƙarsu, za ku ga lambobi a buge: lambar fasali, yawan ruwan wuƙar, da shekarar da aka ƙera ta. Tsohon kamfanin Case, wanda ya faro tun 1889, shi kuma ya buga ɗigo 10 a wuƙaƙensa na 1970, sannan kowace shekara ya riƙa rage ɗigo ɗaya har 1979. Mai tarawa na ɗaga wuƙar ya ƙirga ɗigo, ya faɗa maka shekarar. Abin da yake biyan kuɗi a kai ke nan: ya san wanda ya yi, ya san inda aka yi, ya san yaushe.

Mutanen Suleja ba sai sun je Amurka koyon wannan darasi ba, a gida aka yi shi. Lokacin da garin nan ke amsa sunan Abuja, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a 1952. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta zo da gwanintarta tun daga Kwali, da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na tukwanen Gwari. Abin da cibiyar ta ƙara mata, ban da sabon gashi da ƙyalli, shi ne hatimi. Ana danna haruffan LK a jikin tukunyarta tun yumɓu na ɗanye, a danna hatimin Abuja kusa da shi. Yau aikinta na ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, ana gwanjonsa da kuɗin Ingila, hotonta na bayan takardar naira 20. Mata nawa ne a ƙasar Gwari suka gina tukwane masu kyau a wancan zamani, aikinsu ya fashe ko ya shige hannun baƙi, babu mai iya cewa ga ta wance? Wannan tambaya tana damuna duk lokacin da na ɗauki wuƙar maƙerin garin nan na juya ta gaba da baya ban ga ko ɗigo ba. Da ta bar hannunku ta zama marainiya. Dillali ya kai ta Abuja ta yanzu ya ce aikin Buzaye ce, wani ya ce daga Bida ta zo, ya ninka kuɗi, mai gumin kuwa ko sunansa ba a ji ba.

Don haka kowane gida ya ƙera hatimin ƙarfe nasa, ƙarami, wanda zai zauna a gindin ruwan wuƙa. Suna ko alamar gida, da sunan Suleja, da boko ko da ajami, sai shekara. A buga shi tun ƙarfe na da taushi, kafin a tsoma. A kuma samu littafi ɗaya a maƙera, yaron da ya yi makaranta ya riƙa rubuta cewa a wata kaza an yi guda kaza, ƙotar ƙaho ko ta kanya. In kun yi ashirin iri ɗaya, ku buga musu lamba daga 1 zuwa 20, kuma in kun ce ashirin ne to su tsaya a ashirin. Ranar da mai saye ya ga lamba 7 a hannu biyu, amana ta tafi.

Sai fasali. Kowane gida ya zaɓi biyu ko uku ya tsaya a kansu, ya yanka ma'auninsu a gwangwani ya rataye a bango, domin ta bana ta yi kama da ta bara. Iyalin Opinel a Faransa tun 1890 suke kan fasali ɗaya, girma kawai suke bambantawa da lamba. Kuma kada wuyar naɗewa ta tsorata kowa. Wuƙar Douk-Douk da ake yi a garin Thiers tun 1929, wadda ta cika kasuwannin ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka, ƙotarta fallen ƙarfe ce aka ninke, sai ruwa, sai sifirin, sai ƙusa. Wuƙar Okapi kuwa a Solingen ta Jamus aka fara ta a 1902 musamman don a sayar wa Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Fiye da shekara ɗari ana ƙero mana wuƙar aljihu daga waje. Hannun da ke ƙera askar wanzami da wuƙar mai tsire ba zai gaza wannan ba. Wanda bai saba da sifirin ba ya fara da mai ƙusa ɗaya, wadda matsewar ƙota ke riƙe ruwanta.

Bari in nuna muku yadda mai tarawa ke duba wuƙa, domin ba irin dubawar mai layya ba ce, wanda zai gwada kaifi a farce ya biya ya tafi. Zai rufe ta ya leƙa daga sama, ya ga ko ruwan ya kwanta a tsakiya ko ya karkata yana gogar gefe. Zai ɗaga bayanta ga hasken rana, in haske ya ratsa tsakanin sifirin da ƙota ya ajiye. Zai buɗe ta ya kama tsinin ya girgiza, ya ji ko tana lilo. Zai shafa babban yatsa a kan kawunan ƙusa, yana so ya ji sumul. Daga nan ya rufe ta kusa da kunnensa, yana sauraren ƙarar da za ta yi in ta koma gida. Duk wannan aikin magagari ne da haƙuri, kuma a nan ne gaggawar kasuwar Babbar Sallah ke cutar aikinku.

Maganar ƙarfe kun fi ni sani, amma zan faɗi abin da mai saye ke gani. Wuƙar rodin gini takan dakushe kafin a gama fiɗar akuya. Sifirin mota, tsohon magagari da boris su ne ke riƙe kaifi. A gasa da gawayin ƙirya har maganaɗisu ya daina kamawa, a tsoma a mai, sannan a goge a mayar gefen wuta a hankali har ya yi launin busasshiyar ciyawa. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe, wuƙarsa za ta yi kaifi, amma tana faɗuwa a siminti sai ta ɓalle. Sifirin bayan wuƙar shi ana barinsa har ya yi shuɗi.

Kayan ƙota kuwa Allah ya hore mana. Ƙahon sa na nan a mahauta, ga kanya, ga marke, ga ƙirya, ga tagulla ta ado. A bar icce ya bushe sosai, domin ɗanye zai tsuke lokacin hunturu ƙusa ta yi sako-sako. Ku haɗa kai da dukawa su ɗinka mata ɗan kube na jar fatar akuya, shi ma badukun ya sa tasa alamar. Hauren giwa kada ya shigo maƙerarku ko kyauta aka kawo, cinikinsa tsakanin ƙasashe haramtacce ne.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo ku yi nesa da ita. Dillali zai zo ya ce a jiƙa sabuwar wuƙa da ruwan gishiri, a binne ta kwana biyu, ta fito kamar ta zamanin kakanni. Wannan algus ne, addini ya hana, kuma kasuwar da nake ba ku labari sabon aiki take so, mai shekarar bana a jikinsa.

Ku kula da girma kuma. A Ingila doka ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa in ruwanta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa, shi ya sa ƙananan suka fi tafiya. Baƙon da ya tsaya ɗaukar hoton Dutsen Zuma ya saya, ku tuna masa ya sa ta a babban akwati, ba a shiga cikin jirgi da ita a aljihu. A gida ma ƙaramar ta fi muku kwanciyar hankali. Yaron da kuka san ɗan daba ne ya zo yana neman doguwa mai tsini biyu, ku sallame shi, domin daga ranar da kuka fara buga suna, duk inda wuƙar ta je da sunanku za ta je.

Ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, roƙona gare ka shi ne ka tara gidajen ƙira na garin nan kafin Babbar Sallah mai zuwa, kowa ya kawo hatiminsa a buga a takarda, a rubuta sunan gida a ƙarƙashi, littafin ya zauna a hannunka, domin kada alamar wani ta hau ta wani.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya tsare ido da hannu. Wassalam.

Naku, ɗanku mai sayen aikinku a Suleja.