Stefaniya Stanyuta da Dandalin da Ba Ta Bari Ba

Galibin waɗanda suka san Stefaniya Stanyuta a wajen Belarus sun san ta ne ta fim ɗaya, wato "Bankwana" na Elem Klimov, wanda aka saki a 1983. A ciki ta fito a matsayin Darya, tsohuwar da ƙauyenta ke kan wani tsibiri a Saiberiya, ga shi hukuma za ta nutsar da tsibirin saboda madatsar ruwa. Ana gobe za a cinna wa ɗakinta wuta, sai ta tashi ta wanke shi tas, kamar mai yi wa gawa wanka. Larisa Shepitko ce ta fara aikin fim ɗin, ta rasu a hatsarin mota a 1979, mijinta Klimov ya ƙarasa. A lokacin Stanyuta ta haura shekara 70.

Rawar ta cancanci yabon da ta sha. Amma auna matar da wannan fim kaɗai rashin adalci ne, domin fim ne na Mosko, da harshen Rashanci, alhali ainihin aikinta yana Minsk, cikin harshen Belarus.

An haife ta a Minsk a 1905, mahaifinta Mikhail Stanyuta mai zane ne. Ta kammala karatun wasan kwaikwayo a Mosko a 1926, ta ɗan yi aiki a Vitebsk, sannan a farkon shekarun 1930 ta koma gidan wasan da yau ke ɗauke da sunan marubuci Yanka Kupala. Ba ta sake barinsa ba har rasuwarta a 2000. Kusan shekara 70 ke nan a dandali guda.

Sai an dubi abin da ya faru a waɗannan shekaru kafin a san nauyin zaman. A ƙarshen Oktoban 1937, cikin dare ɗaya, jami'an Stalin suka harbe masana da marubutan Belarus fiye da 100 a Minsk. Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa birnin, aka kwashe 'yan wasan zuwa Tomsk. Bayan yaƙi Rashanci ya mamaye makarantu da ofisoshin birane, har harshen ƙasa ya zama abin da ake dangantawa da ƙauye. A irin wannan hali gidan Kupala ya kasance cikin 'yan wuraren da mazaunin Minsk zai saka tufafinsa masu kyau, ya biya kuɗi, ya zauna ya saurari harshen kakanninsa ana furta shi da daraja. Stanyuta na cikin masu furtawar, dare bayan dare. Lambar Jarumar Al'ummar Tarayyar Sobiyet ba ta iso gare ta ba sai 1988, tana da shekara 83, ita kanta tarayyar na gab da wargajewa.

Wani zai ce zaman nata biyayya ce ga masu mulki, tunda gidan na gwamnati ne, kuma an yi wasannin farfaganda a cikinsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wasan dandali ba littafi ba ne da za a ɓoye a akwati har zamani ya gyaru. Idan ba a yi shi a daren ba, babu shi.

A Agustan 2020 wannan lissafi ya juye. Da aka kori shugaban gidan, Pavel Latushka, saboda goyon bayan masu zanga-zangar zaɓe, yawancin 'yan wasan suka ajiye aiki. Suka kafa ƙungiya mai zaman kanta da sunan Kupalaucy, suka koma nuna wasanninsu a YouTube, da yawansu kuma daga baya suka bar ƙasar. Abin da Stanyuta ta tsare ta hanyar zama, su sun ga ba zai tsaru ba sai da fita. Ginin dai yana nan a tsakiyar Minsk, an ɗauki sababbin 'yan wasa, ana ci gaba da sayar da tikiti.