Kada ku fasa jitar, ku sa masa sharaɗi



Kwanakin baya wani dattijo, manomin tattasai a bakin Komadugu, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ransa a ɓace. Ɗansa ɗalibina ne, yana shekarar ƙarshe ta koyon aikin malanta a nan Diffa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Mushe, ka ja wa yaronka kunne. Na tura shi ya zama malami, yau na tarar da jita a ƙarƙashin gadonsa. Wai har kuɗi yake tarawa zai sayi wani akwati da ake haɗa ta da kwamfuta. Mu ba maroƙa ba ne. In na sake ganinta, itacen girki za ta zama."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a ba ni mako guda." Abin da na je na faɗa masa bayan makon shi ne zan faɗa muku, domin na san ba gidansa kaɗai ne ake wannan rigima ba. Ra'ayina shi ne kada a fasa jitar. A bar yaro ya sayi akwatin, in da hali ma a cika masa kuɗin, amma a ɗaura masa sharaɗi.

Tsoron dattijon ba na banza ba ne. A wurinmu, Hausawa da Barebari duka, kiɗa gado ne, kuma wanda bai gada ba in ya ɗauka sai a ce ya zubar da girman gidansu. Ga kuma maganar addini. Malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, ni kuwa ba mai ba da fatawa ba ne. Uban da ya hana ɗansa don abin da ya fahimta na addini, ba ni da ja da shi. Sai dai yawancin iyayen da ke kawo mini ƙara, in ka shiga gidansu za ka tarar da Shata ko Ɗan Maraya na tashi a rediyo. In ka bi maganarsu a hankali, abin da suke tsoro shi ne yawon dare, abokan banza, ƙwaya, da watsar da karatu.

To a nan ne nake ganin mun juya lissafin. Yaron da aka fasa wa jita ba ya daina son kiɗa, gidan abokai yake komawa, inda ba idon uwa ba na uba. Wanda kuwa yake naɗar kiɗa a kwamfuta, aikin ne da kansa ke ɗaure shi a ɗaki. Yana bukatar shiru, yana bukatar natsuwa, kuma sai ya maimaita abu guda sau ashirin kafin ya fito daidai. Wanda kansa ba ya daidai ba zai iya ba.

Iyaye da yawa suna jin "sutudiyo" sai su hango miliyoyi, don haka bari in fayyace kayan. Abu huɗu ne. Na farko kwamfutar tafi-da-gidanka, ko tsohuwa ce ta hannu, irin wadda ɗalibanmu ke rubuta rahoto da ita. Na biyu manhajar naɗar sauti. Akwai wadda ake kira Audacity, kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. Na uku shi ne akwatin da dattijon ke faɗa a kai, wanda masu sutudiyo ke kira katin sauti. Ɗan ƙarami ne, ana jona shi da kwamfuta ta USB, yana da rami na igiyar jita da rami na makirufo. Aikinsa shi ne ya karɓi sautin, ya ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa. In aka cusa igiyar jita kai tsaye a ramin makirufon kwamfuta, sautin kan fito siriri da hayaniya, shi ya sa ake bukatar akwatin. Ƙananan da kamfanoni irin su Behringer ke yi, kuɗinsu bai kai na wayoyin da muke saya wa yaran nan ba tare da mun yi dogon tunani ba. Na huɗu makirufo guda da abin saurare na kunne. Mai jitar katako wadda ba ta da igiyar lantarki, makirufon ne zai yi masa aiki.

Sauran duk dabara ce, kuma dabarar ba ta cin ko dala. Ɗakin ƙasa mai katifa da tabarmi da labule ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, domin a ɗakin siminti sauti yana dukan bango ya dawo. Wanda ba shi da sai na siminti, ya rataya barguna. A kashe fanka. A cire caja a bar kwamfuta a kan batir, musamman in wutar janareta ce, saboda caja kan shigo da wani gurnani cikin sautin. A ajiye makirufo kamar taƙi guda daga jitar, yana kallon inda wuyanta ya haɗu da cikinta. In aka saita shi a bakin ramin, sai sautin ya yi kauri ya dagule. A duba ma'aunin sauti a manhajar, kada ya taɓa ja, domin abin da ya fashe wajen naɗa ba ya gyaruwa daga baya. A naɗa da sassafe ko bayan isha'i, lokacin da gari ya yi tsit kuma zafi ya sauka, don kowa ya san yadda Afrilu da Mayu suke a nan, kwamfuta ma ba ta son su. In an gama a rufe kayan da zane saboda ƙura.

Malami zai gane abin da ke cikin wannan aiki. Yaron da ya naɗi kansa ya saurara, ya ji inda yatsansa ya zame, ya ji inda ya yi gaggawa, ya goge ya sake, ya koyi abin da muke shan wahalar koya wa ɗalibai a aji: mutum ya duba aikinsa da kansa ya ce bai yi ba tukuna. Ya koyi ajiye fayil da suna da kwanan wata. Ya gane cewa sauti girgizar iska ce da ake iya aunawa, har ya ga siffarta a gaban idonsa. Ɗalibin malanta da ya iya wannan, gobe in an tura shi wani ƙauye a Shetimari ko Gudumariya, zai iya naɗa wa yara karatun baƙaƙe da waƙoƙin ƙidaya cikin harshen da suke ji, ya tura wa iyayensu a waya.

Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Babban dalilina wani malamin makaranta ne irinmu, marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker, wanda Nijar duka ta sani da gurumi. A tafkin Cadi, masunta Buduma suna da wani abin kiɗa da ake kira biram, mai tsirkiya biyar, ƙirarsa kamar kwalekwale. An kai lokacin da gwani guda ya rage mai kaɗa shi, wani dattijo mai suna Bukar Tar. A shekarar 2002 Malam Barka ya samu tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafki ya zauna wurin dattijon ya koya. Bayan rasuwar Bukar Tar shi ya riƙe biram, ya kai shi har ƙasashen Turai, kuma a 2009 aka fitar da faifansa a Ingila. Malam Barka ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Yau duk mai son ya ji yadda biram ke kuka, wannan naɗin zai nema. Da malamin nan ya yi jinkirin ƴan shekaru, da sai dai labari.

Yanzu ku tuna abin da ya same mu. Tun daga harin 6 ga Fabrairun 2015 a kan Diffa da Bosso, rayuwar yankin nan ta sauya. A watan Mayu na wannan shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafki, suka tako da ƙafa zuwa Ngigmi da Bosso. Garuruwan bakin kogi da yawa sun watse, mutanensu suka zube a gefen babbar hanya, wasu a sansanin Sayam, wasu a unguwannin bayan gari. An daɗe ana fama da dokar hana fita, an hana babura, kamun kifi da cinikin tattasai sun tsaya cik na wani lokaci. Muna lissafa asarar gonaki da shanu da makarantu, kuma daidai ne mu lissafa. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne, kiɗa yana rayuwa ne a wurin taro. In babu bikin da za a kwana ana yi, babu kasuwar kifi, babu hawan sallah a ƙofar mai gari, to mai algaita da mai ganga da mai kukuma ba su da inda za su kaɗa, yaro kuma ba shi da inda zai gani ya koya. Tsofaffin da suka iya waƙoƙin masunta, da na daka, da na niƙa, da kirarin sarakunan Manga, da sarewar Fulani makiyaya, da yawansu suna nan cikin garin Diffa a ƙarƙashin rumfunan leda. Kowace shekara muna kai wasu makwancinsu.

Ga sharaɗin da nake nufi. Duk yaron da aka yarje wa sayen akwatin nan, a ce masa: kafin ka naɗi waƙarka guda, sai ka naɗi ta tsoho guda. Makirufon da ke ɗaukar jita shi ne ke ɗaukar gurumi da kukuma da muryar kaka. Ya fara da gida, da kakarsa ko gwaggonsa, sannan maƙwabta. Ya nemi izini tukuna, ya faɗa wa mai waƙar abin da za a yi da ita, kuma kada ya sa ta a Facebook ko TikTok sai an yarda. Ya rubuta sunan mai waƙar, garinsu na asali, harshen, lokacin da ake yin waƙar, da ranar da aka naɗa. Ya ajiye asalin a fayil na WAV, wanda ba a matse shi ba. Minti guda na irin wannan fayil bai wuce megabait 10 ba, ƙaramin katin waya ma zai ɗauki awoyi. Ya yi kwafi biyu, ɗaya wurin iyalin mai waƙar, ɗaya wurin malaminsa. Kada a dogara da WhatsApp, domin yana matse sauti, kuma ran da waya ta ɓata komai ya tafi. Kada kuma yaro ya ɗauki kaya ya nufi bakin kogi ko daji da sunan bincike. Waɗanda ake nema suna nan kusa da mu.

Sauran sharuɗɗan na gida ne, kowane uba ya san nasa. Kayan su zauna inda ake gani, a sa lokacin kiɗa bayan an gama bitar karatu, in sakamakon jarrabawa ya faɗi a kulle akwatin har ya tashi, kuma ba a naɗar batsa ko zagin wani a gidan.

Na san wasu yaran za su kawo muku misalin Mdou Moctar na yankin Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har suka kai Amurka. Za su ambaci Bombino na Agadas, wanda aka sa sunansa cikin masu neman kyautar Grammy a 2019. Gaskiya ne duka, kuma yana nuna cewa tsadar kaya ba ita ce ke yin kiɗa ba. Amma kada mu ruɗi yaranmu. Cikin masu riƙe jita dubu, da wuya a samu guda da zai ci abinci da ita. Ni ba ina kira a mayar da ƴaƴanmu mawaƙa ba ne. Ina so ne mu samu malamai, ma'aikatan asibiti da manoma waɗanda suka iya riƙe makirufo, kuma suka san darajar abin da tsofaffinsu ke ɗauke da shi.

Ƴan'uwana malamai, namu aikin ya fi sauƙi. Makarantar da ke da kwamfuta guda da hasken rana, akwati guda ya ishe ta. A kafa ƙaramar ƙungiya ta ɗalibai, maza da mata, domin akwai waƙoƙin ɗaki da tsohuwa ba za ta rera a gaban namiji ba. A raba musu unguwanni, kowane zango kowa ya kawo naɗi guda da bayaninsa a rubuce. Wannan darasin harshe ne, darasin tarihi ne, kuma ba sai mun jira wata ƙungiya daga Yamai ko Turai ta kawo mana tallafi ba.

Dattijon nan bai ce na burge shi ba. Ya dai ce jitar ta zauna a wurina, yaron ya fara da kakarsa a gani. Aka yi hakan. Tsohuwar ta yi ta noƙewa, daga baya ta rera waƙar niƙa guda da Barbarci, wadda ta ce rabonta da ita tun suna garinsu a bakin kogi. Da aka kunna wa dattijon, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Da zai tashi sai ya miƙo wayarsa ya ce a sa masa a ciki. Jitar tana wurina har yanzu, muna kan tattaunawa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a Manga da Nijar baki ɗaya.