Garin Neman Gira

Saura kwana uku in miƙa sakamakon jarrabawar ɗalibaina kwamfutata ta fara nauyi. Na sauke wata manhajar gyara daga intanet, ta ce ta gano ɗaruruwan kurakurai, na ba ta izinin sharewa. Ashe har da abin da bai kamata ba ta goge a rajistar Windows, wato kundin da na'urar ke ajiye saitocinta. Da na sake kunnawa, sai ta ƙi buɗewa.

Abin da ya cece ni shi ne haƙuri. Ban ƙara mata wani magani ba. Na fara da kwashe fayilolina zuwa filashi, ta hanyar tayar da kwamfutar daga wani faifai. Sannan na yi amfani da System Restore na mayar da ita yadda take kafin gyaran, na shiga Safe Mode na cire manhajar.

Mai karatu, kamfanin Microsoft da kansa ba ya goyon bayan manhajojin share rajista. A 2017 ma ɓarayin intanet sun cusa muguwar manhaja cikin CCleaner, ta shiga kwamfutoci sama da miliyan 2.

Ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa ya riƙe wannan: kafin ka danna "gyara", ajiye kwafin aikinka a wuri biyu. Na'ura tana sayuwa a kasuwa, amma wahalar shekara huɗu ba ta sayuwa.